Ƙasar Suri a Filin Tanis

Tun daga soro Luba ta jiyo muryar Baba, ta san yau babu lafiya a gidan. Baba Dallatu ba mai ɗaga murya ba ne, sai in an taɓa masa gona.

Ta yi sallama, ba wanda ya amsa. Yana tsaye a tsakar gida, ƙafafunsa buɗu-buɗu da ƙasa, hula a hannu. Inna Kaltume ta tsayar da surfen da take yi, ta rungume taɓarya.

"Yawwa, ga malamar nan," in ji Baba. "Zo nan. Wancan mai gajeren wandon da kika kawo mini kika ce miji ne, kin san abin da ya ja mini?"

Mai gajeren wando dai Uwaisu ne, malamin wasanni a sakandaren maza ta Kwarin Gamba, ɗan cikin birnin Kano. Wata biyu ke nan da manyansa suka kawo kayan na-gani-ina-so. Da ƙyar Baba ya karɓa, shi ma don Luba ta kai ashirin da uku, tana koyarwa a firamare, kuma ta ce in ba shi ba sai dai ta zauna.

Ta durƙusa. "Baba, me ya faru?"

"Yau Alhaji Nababa ya kafa sanda a cikin gonata. Kunya takwas ya shigo. Ya ce nan ne iyaka. Na ce ina surin? Ya ce in je in tambayi surukina."

Wanda bai san ƙasar nan ta tsakanin Ɗambatta da Kunci ba sai ya ce don kunya takwas ake wannan tashin hankali? To nan gona manne take da gona, babu ko inda za a ɗaure akuya da ba shi da mai shi. Ga shi bara gero ya ƙone a tsaye, bana ko gidajen masu hali sau ɗaya ake ɗora tukunyar tuwo. Tsakanin gonar Baba da ta Alhaji Nababa kuwa, tun zamanin kakanni, iyakar ita ce wani suri da ya fi tsayin mutum.

Wannan surin Uwaisu ya rushe. Filin tanis na makaranta ne ya tsattsage saboda fari, kuma ba abin da ake gyara irin filin da shi kamar ƙasar suri, a tankaɗe ta, a jiƙa, a daddaɓe. Bawan Allah ya kwashi ɗalibansa da baro, suka yi kwana uku suna jida. Kafin Baba ya ankara, ma'aikatan Alhaji sun baje wurin, sun zuba taki, ko alamar inda surin ya taɓa zama babu.

"Bai sani ba ne, Baba. A birni ya tashi."

"Rufe mini baki. Bai sani ba, bai iya tambaya ba? Ƙato da gemunsa, ba aikin fari sai koya wa 'ya'yan mutane dukan lemo da rariya."

Inna ta ce, "Malam, a yi haƙuri, a bi abin a hankali."

"Ke ma kin iya. Ke kika ɗaure mata gindi." Ya juyo ga Luba, idanunsa jajur. "Jibi Juma'a, in an sauko daga masallaci, Dagaci zai zo gonar. Ki faɗa masa ƙasata nake so. Ya fasa filin nan, ya kwaso ta, ya jibge inda na kafa tawa sandar kafin Dagaci ya iso. In bai yi ba, ba ni ba shi, kuma ba ke ba shi."

Luba ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan littattafan da ke cinyarta. Ta san Baba. In ya furta magana, ko shi da kansa ba ya iya janye ta.

* * *

Washegari da la'asar ta ɗauki mayafi ta nufi sakandaren. Ba ta yi nisa ba ta ji ƙarar babur a bayanta. Ko ba ta waiwaya ba ta san Yuguda ne, babban ɗan Alhaji Nababa, wanda ya gaji cinikin hatsin ubansa. Shekara uku yana nemanta, shekara uku tana ce masa a'a, shi kuwa kamar ana ƙara masa ƙaimi.

Ya sha gabanta ya kashe babur ɗin. Shadda sai ƙyalli take, a shekarar da mutane ke kai rigunansu kasuwar Ɗambatta don su sayi tiya.

"Malama Luba, ina zuwa da ranar nan? Hau in rage miki hanya."

"Ƙafata lafiya lau take."

Ya yi murmushi. "Na ji abin da ya faru, wallahi ban ji daɗi ba. Na ce wa Alhaji, me ye kunya takwas? Tsakanin surukai ai babu maganar iyaka. Kalma ɗaya za ki faɗa, gobe da kaina zan tuge sandar."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Yuguda, ko gonar gaba ɗaya kuka cinye, ba za ka ji kalmar nan daga bakina ba."

"Bakinki ba shi zai ci da gidanku ba in damina ta sake yin gardama."

Ta yi tsaki ta raɓa ta gefensa. Tana ji yana dariya har ta sha kwana.

Filin na bayan ɗakin cin abinci na makarantar. Ta tarar da ɗalibai shida suna jan wata ganga da aka cika da siminti, suna murza ta a kan jar ƙasar da ta kwanta sumul. Uwaisu na durƙushe yana zana layi da farar ƙasa.

Ko ita da ba ruwanta da tanis ta san labarin shidan nan, don garin kaf ya sani. Da raket huɗu suka fara kakar bana, biyu ma da zaren kamun kifi aka ɗaure su. Ba takalmi suka je Kunci suka ci. Suka je Bichi a bayan motar gyaɗa, suka ci. 'Yan Ɗambatta suka zo har gida da fararen kaya, suka koma ba baki. Saura wasa ɗaya, ranar Asabar, da wata makaranta ta cikin Kano, kuma a wannan filin za a yi.

Da ya hango ta ya miƙe, ya sallami ɗaliban su je su sha ruwa. Fara'ar da ya taho da ita ta gushe da ya ga idanunta.

Ta faɗa masa saƙon Baba, ba ta rage ko kalma ba.

Ya daɗe yana kallon filin. "Luba, ki roƙar mini shi kwana ɗaya. Asabar da yamma, ana tashi daga wasa, da hannuna zan fasa. Ko a ka zan kai masa ƙasar."

"Juma'a ya ce."

"In na fasa yau, babu wasa. Ƙa'ida ce, wanda bai tanadi fili ba an cinye shi. Kin san abin da ke jiran yaran nan in sun ci? Za a kai su sansanin horo na jiha, a ci da su sau uku a rana, a ba su gurbin karatu. Huɗu daga cikinsu bana za su gama makaranta, kuma babu komai a rumbunan gidajensu."

"Ni fa? Ni me ke jirana?"

"Luba…"

"A'a, ka faɗa mini. Saboda kai na yi wata shida Baba ba ya amsa gaisuwata. Saboda kai 'yan'uwan Inna suka daina shigowa gidanmu, wai na raina na gida na ɗauko baƙo. Yau na zo da roƙo ɗaya, kana lissafa mini yaran mutane." Kuka ya ci ƙarfinta, ta toshe baki da mayafi. "Me ma ya kai ka gonarmu? Duk surin da ke dajin nan, sai namu?"

"Nuna mini aka yi."

"Wa?"

"Yuguda. Shi ya same ni ina neman ƙasa, ya ɗauke ni a babur har wurin. Ya ce surin ba na kowa ba ne, cinye musu kara ma garar take yi, in na kwashe na taimake su. Ni har godiya na yi masa."

Takaici ya ishi Luba, ta rasa wa za ta fi jin haushi, wanda ya haƙa ramin ko wannan da ya faɗa yana godiya.

"Kai dai an yi mai karatun banza. Mutumin da ya san kai ka raba shi da ni, shi zai yi maka hanyar arziki?" Ta share ido. "To ai gara za ta sake gini. In uwar garar na nan a ƙasa, kwana kaɗan za a ga sabon suri ya ɓullo."

Ya girgiza kai. "Jiya na je. Wurin warin maganin ƙwari na gamalin yake yi. Sun ɗura mata."

Can wajen rijiya ɗaliban na ta gardamar wanda zai fara buga wa 'yan Kano.

Ta matso, ta rage murya, ba ta yarda sun haɗa ido ba. "To ga hanya ɗaya. Gobe Dagaci zai tambaye ka inda surin yake, don kai ne ba ka da gona a wurin. In ba za ka fasa filin ba, ka je ka tsaya inda Baba ya kafa sandarsa. In ka yi haka zai huce, ni na san shi."

"Zan tsaya inda surin yake."

"Inda sandar Baba take na ce."

"Na ji ki, Luba."

"Ka yi mini alkawari."

Bai yi ba. Ya sunkuya ya ɗauki gwangwanin farar ƙasarsa, yana juya shi a hannu. Ta tsaya tana jira har ta gaji, sannan ta juya ta tafi tana kuka, ba ta ko yi masa sallama ba.

* * *

Mata ba sa zuwa rabon iyaka. Amma ranar Juma'a Luba ta saci jiki ta laɓe bayan wani tarin kara a gonar maƙwabta, inda take ganin komai.

Dagaci na zaune a kan buzu a inuwar ɗorawar da ke bakin gonar Baba, dattawa sun kewaye shi. Ga sanduna biyu a kafe cikin fili. Ta Alhaji Nababa ce ta farko in ka taso daga ɗorawar, ta Baba na can gaba, kunya takwas a tsakaninsu. Kowa ya rantse tasa ce a gurbin surin.

Uwaisu ya iso da doguwar riga da hula, hannu rabbana, ba baro ba ƙasa. Baba ya kalle shi sau ɗaya ya kau da kai.

Uwaisu ya durƙusa ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, ni na rushe surin, laifina ne. Amma Yuguda ne ya kai ni, ya ce ba na kowa ba ne."

Yuguda ya dafe ƙirji. "Ni? Ranka ya daɗe, a tambaye shi wa ya gani, wa ya ji. Baƙo ya yi ɓarna, yana neman wanda zai shafa wa."

Wurin ya kaure da hayaniya. Dagaci ya ɗaga hannu. "Ba wannan ta tara mu ba. Malam, sawu nawa ka yi zuwa surin nan?"

"Sun fi arba'in, ranka ya daɗe. Daga gindin ɗorawar nan nake turo baro."

"To tashi ka je ka tsaya inda yake. Ka ji tsoron Allah."

Uwaisu ya miƙe. Ya fara tafiya a hankali, kansa a ƙasa. Luba ta damƙe wani kara har ya fashe a hannunta, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Ya isa sandar Alhaji, bai ko dube ta ba, ya wuce. Fuskar Alhaji ta canza. Uwaisu ya tsallake kunya ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Baba ya fara gyara tsayuwa.

Sai Uwaisu ya tsaya. Saura kunya uku ya kai sandar Baba.

"Nan ne, ranka ya daɗe."

Nan ɗin ne kuwa. Duk duniya ba wanda ya kai Luba sanin nan ne. Tun tana 'yar shekara bakwai take kawo wa Baba fura gona, a inuwar surin take ajiye ƙwaryar, tana zaune tana kallon rimin makabarta ya yi saiti da kafaɗarta. Ga rimin can, daidai kafaɗar Uwaisu.

"Ƙara gaba," in ji Baba. "Yaro, ka duba da kyau. Ƙara gaba."

"Baba, ka gafarce ni. Nan yake."

Dagaci ya sa aka tuge sandunan biyu, ya ce a dasa gamba a inda malamin ke tsaye, magana ta ƙare. Alhaji Nababa ya kaɗe riga ya tafi yana ƙunƙuni, ya rasa biyar daga takwas ɗin da ya so ci. Amma ba wanda ya kalli Alhaji, don kowa ya san halinsa. Baba ake kallo, Dallatun da shekara sittin ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Baba ya tako har gaban Uwaisu. "Ka rushe mini iyaka, na ce ƙuruciya ce. Na ce ka dawo da ƙasata, ka zaɓi wasa. Yau kuma ka tsaya gaban garin nan ka maishe ni maƙaryaci. Na gode."

Ya juya ya nufi gida, ko sandarsa bai ɗauka ba.

* * *

Asabar da hantsi Baba ya sa Inna ta fito da kayan na-gani-ina-so. Turamen atamfa biyu, mayafi, takalmi, man shafawa, duk suna nan a cikin fanteka yadda aka kawo su.

Inna ta ce, "Bari in kira ƙanwarka Larai ta mayar, tunda ita ta karɓa."

"Ba Larai ba. Ita za ta kai."

"Haba Malam. Ina aka taɓa yin haka? Yarinya ta mai da kayanta da kanta, a gaban mutane?"

"A gaban mutane aka yi mini nawa." Ya dubi Luba. "Ba zan ce ki auri ɗan Nababa ba, ko shi kaɗai ya rage. Ba zan yi miki dole da kowa ba. Amma wancan, in kin aure shi, ranar da na mutu kada ki zo kan gawata."

Luba ba ta yi kuka ba, hawayen sun ƙare tun jiya. Ta yi gammo da mayafinta, Inna ta ɗora mata fantekar tana sharɓe.

Tun daga nesa take jin ihun makarantar. Garin kaf ya tattaru a bakin filin, har da tsofaffin da ke cewa wasan banza ne. An yi kunnen doki, biyu da biyu, ana buga na ƙarshe. Iliyasu, dogon da ke jagorantar shidan, shi ke ciki ba takalmi, yana fafatawa da wani ɗan Kano mai fararen kaya.

Mutane suka ga fanteka a kanta, suka gane, suka dare mata hanya. Ihun gefen ya mutu.

Uwaisu na tsaye kusa da turken raga. Ta sauke kayan a gabansa.

"Baba ya ce in kawo maka."

Ya dubi fantekar, ya dube ta. "Ke me kika ce?"

"An tambaye ni? Kai da ka tsaya jiya, ka tambaye ni?"

"Luba, rantsuwa aka sa ni. Wallahi nan surin yake."

"Na sani. Na riga ka sani. A gindinsa na girma. Da ban sani ba, me zai sa in zo in roƙe ka? Taku uku kawai, Uwaisu. Na zubar da mutuncina na roƙe ka ƙarya don in same ka, ka dube ni ka hana ni."

"Da na yi, da wane ido za ki riƙa kallona?"

"Da ko da wane ido ne, ina kallon naka a ɗakina." Ta goge fuska da bayan hannu. "Ina sonka, ban taɓa sonka kamar jiya da ka ƙi matsawa ba. Kuma ban yafe maka ba."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai filin ya ɗauka gaba ɗaya. Ƙwallon ɗan Kano ta faɗa raga. Iliyasu ya yar da raket ya zube a ƙasa, sauran biyar suka kwaso a guje, ɗalibai ɗari uku a bayansu. Kafin Uwaisu ya ankara sun sure shi sama, suna juyi da shi suna kiran sunan makaranta. Wani ya yi tuntuɓe da fantekar, atamfa ta warware a cikin jar ƙasa, aka bi ta kai.

Yana can bisa kafaɗunsu yana fizge-fizge, yana miƙo hannu, bakinsa na kiran sunanta. Su kuwa suka ɗauka murna yake, suka ƙara ɗaga shi.

Luba ta warware gammonta, ta yafa, ta bi ta cikin mutane ta kama hanyar gida.